Ku Tambaya Mu Amsa: Tafiya Tsibirin Yakushima Kai Kaɗai

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowar, duk a kan Yakushima, tsibirin nan na kudancin Japan mai tsofaffin itatuwa da magangarun ruwa. Uku daga Jos suka zo, biyu daga Abuja. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Daga wani ma'aikaci a Kubwa, Abuja: *Ina da hutun mako biyu, kuma ina so in je Yakushima ni kaɗai. Ta ina ake bi, wane wata ya fi, kuma kwana nawa zan ware wa tsibirin?*

Malam, fara da sanin cewa ruwan sama ne sarkin wannan tsibiri, shi ne kuma zai tsara maka tafiyar. Mutanen wurin har zolaya suke yi cewa a garinsu ana ruwa kwana 35 a wata. A bakin teku ruwan shekara yana haura milimita 4,000, a kan duwatsu kuma yakan kai 8,000 ko fiye. Jos da muke kuka da damunarta ba ta cika wuce 1,400 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iska mai ɗumi tana tasowa daga teku ɗauke da danshi, sai ta ci karo da duwatsun da suka miƙe tsaye a tsakiyar ɗan tsibirin da faɗinsa bai fi murabba'in kilomita 500 da 'yan kai ba. Ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar. Dutsen Miyanoura da ya fi kowanne tsawo mita 1,936 ne, ya ɗara duwatsun Shere na Jos.

Kada ka sa tafiyarka a watan Yuni, tsakiyar damunarsu ke nan. Agusta da Satumba lokacin guguwar teku ne, jiragen ruwa na iya tsayawa kwana biyu ko uku. Daga Disamba zuwa Fabrairu dusar ƙanƙara tana rufe hanyoyin kan dutse. Abin da ya rage mai daɗi shi ne ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, sai Oktoba da Nuwamba. A cikin wannan ma ka tsallake ƙarshen Afrilu da makon farko na Mayu, domin lokacin ne Japanawa ke babban hutunsu, masauki ya yi wuya, turba ta cika kamar kasuwar Wuse ana gobe Salla.

Biza kuwa dole ce. Ofishin jakadancin Japan yana nan Maitama, a shafinsu na intanet za ka ga inda ake miƙa takardu. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne jadawalin zama: suna son ganin kowace rana da garin da za ka kwana da sunan masaukin. Wanda ya rubuta "yawon buɗe ido" a layi ɗaya ya bar sauran fili ya jawo wa kansa tambayoyi. Haɗa da bayanin asusun banki da takardar wurin aiki mai nuna an ba ka hutu. Bizar shiga sau ɗaya wata uku take yi daga ranar da aka buga ta, saboda haka kada ka yi gaggawar nema tun da sauran wata biyar.

Daga Abuja za ka bi ta Adis Ababa, ko Doha, ko Istanbul zuwa Tokyo. Lura da filin da za ka sauka, domin Tokyo filayen jirgi biyu gare ta, Narita da Haneda, kuma yawancin jiragen Kagoshima, birnin da daga shi ake tsallakawa tsibirin, daga Haneda suke tashi. Tsakaninsu tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce, ban da layin shige da fice. Daga Haneda zuwa Kagoshima kusan sa'a biyu. Daga nan zaɓi uku ne. Ƙaramin jirgin sama mai farfela yana kai ka cikin minti 40, amma hazo ko iska kan hana shi sauka. Jirgin ruwa mai gudu, wanda ake kira Toppy ko Rocket, sa'a biyu ne zuwa uku, gwargwadon ko ya biya ta tsibirin Tanegashima. Sai babban jirgin fito da ke tashi da safe ya yi sa'a huɗu, shi ya fi arha. Mai saurin jin jiri ya sha maganinsa minti 30 kafin shiga, idan amai ya riga ya taso magani ba ya aiki. Duba tikitinka da kyau, tashoshin ruwa biyu ne a tsibirin, Miyanoura da Anbo, kuma tsakaninsu ya fi rabin sa'a a bas.

Ware wa tsibirin kwana biyar. Uku na yawo, ɗaya na ranar da ruwa zai kulle ka a ɗaki, ɗaya na hutun ƙafa. Babban kuskure shi ne mutum ya bar tsibirin a ranar da jirginsa na Tokyo zai tashi. Ka kwana a Kagoshima ko Tokyo kafin ranar komawa gida, don ko teku ta yi fushi tikitin Abuja bai ƙone ba.

Daga wani matashi a Rayfield, Jos: *Kusan kowace Asabar nakan hau Shere. Zan iya zuwa wurin itacen Jomon Sugi in dawo a rana ɗaya ba tare da ɗan jagora ba?*

Za ka iya, ɗan'uwa, da yawa suna yi. Amma ba ƙarfin ƙafa ne zai gwada ka ba, agogo ne da jiƙa.

Jomon Sugi shi ne itacen da ya fi suna a tsibirin, ƙaton tsohon itace ne na irin da Japanawa ke kira sugi. Ga yadda hanyar take. Kilomita 22 ce zuwa da dawowa daga mashigar Arakawa, kamar ka tashi daga Terminus ka taka zuwa Bukuru, ka juyo ka ci rabin hanya. Sa'a tara zuwa goma take ci. Kilomita takwas na farko a kan tsohon layin dogo ne da aka shimfiɗa don jigilar katako, kusan a miƙe, babu hawa sosai. A nan za ka wuce kufan Kosugidani, ƙauyen masu saran itace da aka tashe shi a 1970, har filin makarantarsu yana nan. Akwai gadoji a kan rafuka masu zurfi, wasu babu abin dafawa. Wannan sashe shi ke yaudarar masu ƙarfi: sai mutum ya saki gudu, ya isa gindin hawa gwiwa ta riga ta gaji da dukan katako. Bayan layin dogon sai hawa na gaske, kilomita biyu da rabi zuwa uku na saiwoyi da duwatsu da matakalar katako masu santsi. Daga mita 600 ka fara, itacen yana wajen mita 1,300.

A tsakiyar hawan akwai Kututturen Wilson, ragowar wani ƙaton itace da aka sare ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kewayensa ya kusa mita 14. Sunan wani masanin tsirrai ɗan Ingila ne, Ernest Wilson, da ya zo wurin a 1914. Ana shiga cikinsa kamar ɗaki. Kada ka ɓata minti 20 a layin ɗaukar hoto da safe, ka bari sai a dawowa.

Shi Jomon Sugi tsawonsa mita 25.3 ne, kewayensa mita 16.4, kuma a 1966 aka bayyana shi ga duniya. Shekarunsa ana gardama: wasu sun ce 7,200, gwajin kimiyya ya tabbatar da aƙalla 2,170, cikin itacen kuwa rami ne, babu yadda za a ƙirga na tsakiya. Ba a taɓa shi, daga kan dandamalin katako ake kallo, domin tattakin mutane ya so ya kashe saiwoyinsa. Gaskiya wasu sukan ji kamar an rage musu wani abu bayan wannan wahala. Mu a ganinmu hanyar ta fi itacen. Abin da ya sa itatuwan sugi ke daɗewa haka a nan shi ne talaucin ƙasa. Tsibirin falalen dutse ne irin na Filato, ƙasar da ke kai 'yar kaɗan ce, ruwa kuma kullum yana wanke ta. Itacen sai ya riƙa girma a hankali, tsokarsa ta matse, ƙaro ya cika ta, ruɓa ba ta samun shiga. Sai wanda ya haura shekara 1,000 ake kira yakusugi. Wanda bai kai ba yaro ne a wurinsu, kosugi suke ce masa. Wannan daji na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa tsibirin a jerin wuraren gado na duniya a 1993.

Yanzu agogo. Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Nuwamba ba a barin motar gida ko ta aro ta hau zuwa Arakawa. Bas na musamman ake shiga daga harabar gidan tarihi na Yakusugi, kusa da Anbo, kuma motocin safe tsakanin ƙarfe biyar da shida suke tashi. Sayi tikitin tun jiya a ofishin masu yawon buɗe ido, tare da kuɗin kula da daji, wanda da aka fara karɓa a 2017 yen 1,000 ne ga mai yini, 2,000 ga mai kwana. Ka kwana a Anbo a daren, ba Miyanoura ba, ka samu ƙarin barci. Ƙa'idar da za ka riƙe: ƙarfe goma na safe ta same ka ka bar layin dogo ka fara hawa, ƙarfe ɗaya na rana kuma ka juya, ko ka ga itacen ko ba ka gani ba. Bas na ƙarshe wajen ƙarfe shida na yamma yake barin Arakawa, kuma a yawancin hanyar waya ba ta kamawa balle ka kira tasi.

Sai jiƙa. Kowane mita 100 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 0.6, wato a gindin itacen ya yi ƙasa da na bakin teku da digiri takwas. Ɗan Jos ya san sanyi, amma sanyin hunturu busasshe ne. Jiƙaƙƙen sanyi da iska shi ke kashe jiki. Saboda haka babu jins, babu singiletin auduga, domin auduga tana riƙe ruwa ta manne a fata ta zuƙe ɗumin jiki. Sa rigar 'yan ƙwallo irin mai saurin bushewa, ka ɗora rigar sanyi mara nauyi, sannan rigar ruwa mai wando da riga daban. Irin ta leda da 'yan acaɓa ke sawa ba za ta yi ba, gumi zai jiƙa ka daga ciki. Ba sai ka saya ba, shaguna a Miyanoura da Anbo suna ba da hayar rigar ruwa da takalmin hawa da tocilar goshi. Gwada takalmin da safa mai kauri, ya kasance da ɗan fili a gaban yatsu, in ba haka ba gangarowa za ta baƙanta maka farce. Waya da fasfo su shiga leda mai zif. Ruwan sha rabin lita ya isa ka fara da shi, akwai wuraren ɗiba a hanya, kuma ruwan yana da kyau. Abinci kuwa ana yin oda tun dare a masu shirya ƙunshin matafiya, a karɓa kafin asuba, ɗaya na karin kumallo ɗaya na rana. Sayi jakar bayan gida ta tafi-da-gidanka, domin bayan ƙarshen layin dogo ɗakunan bahaya sun yi wuya, kuma ba a tsugunawa a daji. Duk sharar da ka shiga da ita da ita za ka fito.

Mai tafiya shi kaɗai ya cike takardar sanarwar hawa, ya kuma gaya wa mai masaukinsa lokacin da zai dawo. Bi ƙyallayen ruwan hoda da aka ɗaure a rassa. In ka yi minti biyar ba ka ga ɗaya ba, koma inda ka ga na ƙarshe. Kada ka ce za ka bi rafi ka gangara ka fita, rafukan tsibirin a bakin gwalalo suke ƙarewa. In aka yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, fasa. A watan Mayun 2019 zaftarewar ƙasa ta tare hanya, mutum sama da 300 suka kwana a kan dutse kafin a fito da su. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti 119.

Daga wata Hajiya a Gwarinpa, Abuja: *Gwiwata ba za ta ɗauki tafiyar sa'a goma ba. Magangarun ruwa nake son gani, da daji kaɗan. Mace ita kaɗai za ta iya, kuma sai da mota?*

Hajiya, ke ce ma za ki fi morewa, domin ruwan da ke hana masu hawa fita shi ke cika magangarun. Ta fuskar tsaro Japan wuri ne da mata ke yawo su kaɗai ba fargaba. Matsalarki sufuri ce kawai.

Oko-no-taki, a kudu maso yamma, ita ce babba: mita 88, kusan ninki uku na Gurara. Daga inda mota ke tsayawa 'yan taku ne, kuma ana isa har inda feshin ruwa ke jiƙa mutum. Duwatsun gindinta santsi gare su, kada ki hau. Senpiro mita 60 ce, daga nesa ake kallonta, kuma abin kallon ma falalen dutsen da ke gefenta ne, guda ɗaya tal mai girman unguwa. Ki je mata washegarin ruwa, in an kwana biyu ba a yi ba sai ta rame. Toroki 'yar ƙarama ce, wajen mita shida, amma kai tsaye cikin teku take zuba, abin da ba a cika gani ba. Minti 15 ya ishe ta.

Daji kuwa ki je Yakusugi Land. Sunan kamar wurin wasan yara, amma tsohon daji ne na gaske, kuma an tsara zagayen minti 30 da na 50 a kan katako da matakala. Gaba da shi kaɗan akwai Kigensugi, mai shekara wajen 3,000, a bakin titi yake. Shiratani Unsuikyo, inda gansakuka ta lulluɓe komai, rabin sa'a ne a bas daga Miyanoura. Farkonsa da sauƙi, amma can ciki ana tsallaka rafuka a kan duwatsu, kuma sukan cika cikin ɗan lokaci. Ki tsaya a gajeren zagaye. Doguwar abaya tana kama saiwa tana kuma taka matakala, gara riga mai kai gwiwa a kan wandon ruwa, da ƙaramin hijabi wanda ba na auduga ba. A wurare masu danshi akwai matsattsaku lokacin zafi, ki cusa ƙafar wando cikin safa.

Bas yana bin gaɓar teku, amma wanda ke kaiwa har Oko ƙalilan ne a rana, Senpiro kuma sai an taka hawa mai nisa daga tasha. Ki karɓi jadawalin bas a tashar jirgi ranar da kika sauka, ki fara duba lokacin na dawowa kafin na tafiya. Mafi sauƙi ki ɗauki tasi ko ɗan jagora mai mota na yini guda. In kina son tuƙi da kanki, Japan ba ta karɓar lasisin ƙasa da ƙasa sai wanda aka bayar bisa yarjejeniyar Janiba ta 1949, ki duba bangon naki kafin ki biya kuɗin haya. Kuma a hannun hagu suke tuƙi, yadda muke yi kafin 1972. Titin dajin yamma, Seibu Rindo, wajen kilomita 20 ne, ƙunci gare shi, bas ba ya bi, birai da barewa sukan kwanta a tsakiyarsa. Ba su abinci laifi ne mai tara.

Daga wani Malami a Gangare, Jos: *Me Musulmi zai ci a can? Ina tunanin tafiya da kilishi da dambun nama.*

Allah gafarta Malam, a bar kilishin a gida. Japan ta hana shigo da nama kowane iri, busasshe ko dafaffe, ko da a leda yake a rufe, saboda cututtukan dabbobi. Akwai karnuka masu shinshina jaka a filin jirgi, hukuncin kuma yana kaiwa tarar yen miliyan uku ko ɗaurin shekara uku.

Kifi zai riƙe ka. Abincin da aka san tsibirin da shi tobiuo ne, kifi mai tashi, ana soya shi ɗungurungum da fikafikansa a buɗe, su ma ana taunawa kamar ƙanzo. Sai kubiore saba, ɗan'uwan titus ɗin da muke saya a daskare. Da an kama shi ake karya wuyansa jini ya tsiyaye, shi ya sa namansa ke zama da ƙarfi har a ci shi ɗanye. Ba kullum ake samu ba, sai masunta sun fita. Wanda ɗanye bai kwanta masa ba ya ce a gasa da gishiri, shioyaki ke nan, kuma shi ne mafi tsira daga shubuha. Akwai lemon ponkan a Disamba, da tankan a Fabrairu da Maris, zaƙinsa ya fi na tanjarin.

Inda ake zamewa biyu ne. Lardin Kagoshima ya yi suna da naman alade, kuma romon taliyar ramen a yankin yawanci da ƙashinsa ake yi ko ba a ga nama a kwano ba. Na biyu giyar girki: mirin da sake suna shiga miya mai zaƙi-zaƙi, da dafaffen kifi, har da soyayyen curin kifi da ake kira tsukeage. Ajiye waɗannan alamomi a waya ka riƙa dubawa a jikin leda: 豚 alade, 酒 giya, みりん mirin. Naman barewa da ake tallatawa ba yankan Musulmi ba ne. Shochu kuma da ake miƙa wa baƙo barasa ce ta dankali. Batun ɗan abin da tsimi ke bari a ruwan waken soya, wannan Malam ya fi mu sani.

Masaukan gida da ake kira minshuku sukan haɗa da abincin dare, kuma tun da rana suke cefane. Ka rubuta musu tun lokacin kama ɗaki cewa kifi da ganye kawai, ba mirin. In ka bari sai an ajiye tire, ka sa uwar gida a kunya. Wanda ya fi son kwanciyar hankali ya nemi masauki mai ɗakin girki, manyan shaguna na da shinkafa da ƙwai da kifi. Sai dai suna rufewa da wuri, babu irin shagunan nan na kwana-buɗe da ke Tokyo. Riƙe tsabar yen, ƙananan wuraren cin abinci da bas ba duka ke karɓar kati ba. Ba a ba da tukuici, mai kawo abinci zai biyo ka da canjinka.

Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Jos: *Yaya salla a can? Kuma wankan ruwan ɗumin da ake faɗa irin na Wikki ne?*

'Yar'uwa, a can ba a fuskantar gabas. Makka tana yammacin Japan, saboda haka alƙibla yamma ce da ɗan karkata zuwa arewa. Kada ki sa ran masallaci a tsibirin, ki tafi da 'yar darduma mara nauyi, ki sauke jadawalin lokutan salla a waya tun kina da intanet. Suna gabanmu da sa'a takwas, saboda haka kwana biyun farko barci zai riƙa zuwa a karkace, ki sa ƙararrawa don asuba.

Wankan ba irin na Yankari ba ne. A Wikki da kaya ake shiga, a Japan kuwa tsirara ake wanka, maza daban mata daban, bayan an cuɗa jiki tas a waje. Na Hirauchi da ke cikin duwatsun bakin teku, wanda ke bayyana sa'a biyu kafin janyewar teku da sa'a biyu bayanta, a haɗe yake maza da mata, kuma ba a yarda da kayan ninkaya ba. Wannan ki wuce shi. In kina son gwadawa, ki tambayi otal ko suna da kashikiri, wato ɗakin wanka da ake kama wa mutum ɗaya ko iyali na wajen sa'a guda, a kulle ƙofa.